Jinjirin nono da jinjirin gwangwani: wa ya fi girma?

Akwai wata magana da take yawo a garuruwanmu, daga Maraɗi har Damagaram, daga Tawa har Yamai. Ana cewa jinjirin da ake ba madarar gwangwani ya fi mai shan nonon uwa saurin girma. A ranar awo, mata sukan kalli ɗiyan juna. Wadda nata ya yi kumatu sai a yaba mata. Wadda nata bai yi ƙiba ba sai a ce mata nononta ba ya isarsa, ko ya tsinke, ko ya ɓaci. Daga nan sai maigida ya sayar da hatsi ko akuya ya sayo gwangwani.

A cikin wannan magana akwai ƴar gaskiya, kuma ba za mu ɓoye ta ba. Amma hukuncin da mutane suke yankewa a kanta kuskure ne, kuma kuskure ne da yake cin rayukan yara. Mu ra'ayinmu shi ne: girman jinjirin da yake shan nonon uwarsa shi ne girma na daidai, da shi ya kamata a gwada sauran. Ga dalilanmu.

Yadda jinjiri yake girma

Mu fara da lissafi. Kilo 1 giram 1000 ne. Ƙungiyar lafiya ta duniya, wadda ake kira OMS, ta auna dubban yara masu shan nono, ta fitar da nauyin da yake tsaka-tsaki. Jinjiri namiji yakan zo duniya da kilo 3 da giram 300. Idan ya cika wata 1, ya kai kilo 4 da rabi. A wata 2, kilo 5 da giram 600. A wata 3, kilo 6 da giram 400. A wata 4, kilo 7. A wata 5, kilo 7 da rabi. A wata 6, kilo 7 da giram 900. Ɗiya mace takan ɗan gaza haka: kilo 3 da giram 200 ranar haihuwa, kilo 7 da giram 300 a wata 6.

Ku sake duba waɗannan lambobi da kyau. A watan farko yaron ya ƙara giram 1200. A na biyu, giram 1100. A na uku, 800. A na huɗu, 600. A na biyar, 500. A na shida, 400 kawai. Ke nan abin da ya ƙara a wata na shida kashi ɗaya ne cikin uku na abin da ya ƙara a watan farko. Yaron nan kuwa lafiyarsa lau, uwarsa ma lafiyarta lau, nononta bai ragu ba. Haka halittar ɗan Adam take: gudu a farko, sannan tafiya a hankali. Manomi ya san irin wannan a gonarsa. Akwai lokacin da gero yake miƙewa kamar ana jan sa, akwai lokacin da yake tsayawa ya yi kai ya zuba ƙwaya. Ba wanda yake cewa gonar ta lalace don kara ya daina tsawo.

Akwai kuma wani abu da yake tsorata uwar fari. A kwanakin farko bayan haihuwa, kusan kowane jinjiri yakan rage nauyi kaɗan. Mai shan nono yakan ɗan fi mai shan gwangwani ragewa, domin nono yana ɗaukar kwana 2 zuwa 4 kafin ya sauko sosai. Kafin nan dakashi ne abincinsa, kuma ya ishe shi, gama cikinsa ɗan ƙarami ne. Dakashin nan da wasu suke matsewa su zubar shi ne rigakafin farko na yaro. Zuwa kwana 10 ko 14, yawancin jarirai sun koma nauyinsu na haihuwa.

To, ina mai shan gwangwani? A wata 2 ko 3 na farko bai fi mai shan nono ba. Sau da yawa ma mai shan nono ne a gaba. Bambanci yana farawa ne wajen wata 3 zuwa 4. Daga nan mai shan nono yana rage gudu, shi kuwa mai shan gwangwani ba ya ragewa kamarsa. A garin Debis na jihar Kalifoniya, a ƙasar Amurka, wata malama mai suna Kathryn Dewey da abokan aikinta sun bi yara kashi biyu tun daga haihuwa, masu shan nono da masu shan gwangwani. Sun bayyana sakamakon a 1992. Da yaran suka cika shekara 1, masu shan nono sun gaza sauran da kimanin giram 600. Amma a tsawo bambancin kaɗan ne ƙwarai, girman kai kuwa ɗaya ne. Wajen zama da rarrafe da tafiya ba a bar masu shan nono a baya ba, kuma sun fi ƙarancin ciwo. Ƴar gaskiyar da muka ambata ke nan: mai shan gwangwani yakan fi nauyi, idan gidansu akwai kuɗi da ruwa mai tsabta. Ku riƙe wannan sharaɗi, za mu komo kansa.

Daga ina ƙarin nauyin yake fitowa?

Makiyayi zai fi kowa saurin ganewa. Maraƙi yakan ninka nauyinsa na haihuwa cikin kimanin wata 2. Ɗan Adam sai ya yi wata 4 ko 5. Saboda haka nonon saniya cike yake da abin gina jiki, wanda likitoci suke kira furotin. Ya ninka na nonon mace kamar sau 3. Madarar gwangwani ta jarirai yawanci daga nonon saniya ake yin ta. Ana gyara ta, ana rage furotin ɗin, amma duk da haka takan fi nonon uwa yawansa. Wannan ƙari shi ne yake tura jiki ya tara nama da kitse da sauri.

An gwada wannan a ƙasashe 5 na Turai: Jamus, Beljiyam, Italiya, Folan da Sifen. An raba jarirai sama da 1000 masu shan gwangwani gida biyu. Aka ba wasu madara mai furotin da yawa, wasu mai kaɗan. A 2009 aka bayyana cewa masu shan mai yawa sun fi nauyi, amma ba su fi tsawo ba. A 2014, da yaran suka kai shekara 6, aka tarar masu ƙiba fiye da kima a cikinsu sun ninka na ɗaya ɓangaren fiye da sau 2. Ƙiba irin wannan kuwa ita ce take buɗe ƙofa ga ciwon sukari da hawan jini idan an girma.

Dalili na biyu ita ce kwalbar kanta. Jinjirin da yake kan nono shi yake da iko da cikinsa. Idan ya ƙoshi sai ya saki, ba wanda ya san yawan abin da ya sha. Amma kwalba ana ganin cikinta. Uwar da ta san kuɗin da aka kashe ba za ta so a bar saura ba, sai ta yi ta turawa har ya shanye. Wannan ya fi kama da kiwon turka. Ragon layya ake turkewa a yi ta ɗura masa dusa da harawa don ya yi tsada a kasuwa. Yaro ba don kasuwa ake renonsa ba.

Ma'aunin ma ya taɓa yin kuskure

Nan ne labarin ya fi ban mamaki. Kowace uwa ta san layin da yake cikin karnen awo, wanda ake ɗiga nauyin yaro a kansa kowane wata. Layin da aka yi amfani da shi a duniya tun daga ƙarshen shekarun 1970, an zana sashensa na jarirai ne da awon yaran wani yanki guda na jihar Ohayo, a Amurka. An auna su tsakanin 1929 da 1975, kuma galibinsu madarar kwalba suka sha. Da aka ɗora yaran nono a kan wannan layi, sai a ga sun haura shi a watannin farko, daga baya kuma su yi kamar suna zamewa ƙasa. Ma'aikatan lafiya da yawa, da kyakkyawar niyya, sun riƙa gaya wa iyaye mata cewa nono ya kasa, a ƙara da wani abu. Alhali mudun ne bai cika daidai ba.

Da masana suka gane haka, OMS ta sake aikin tun daga tushe. Daga 1997 zuwa 2003 an auna yara kimanin 8500 a ƙasashe 6: Barazil, Gana, Indiya, Norwe, Oman da Amurka. An zaɓi gidajen da uwa take shayarwa, ba ta shan taba, kuma yaro yana samun kulawa. A watan Afrilu na 2006 aka fitar da sabon ma'auni, kuma daga cikinsa muka ɗauko lambobin da muka kawo a sama. Abin lura, yaran birnin Akara na ƙasar Gana sun yi girma kusan daidai da yaran birnin Oslo na ƙasar Norwe. Wannan ya rushe zancen masu cewa yaran baƙar fata ƙanana ne tun asali, ko nonon matanmu bai kai na wasu ba. Tun daga wannan shekara, jinjirin nono shi ne abin gwaji a duniya.

Yadda nono yake ƙafewa da gaske

Wajen wata 3 abubuwa uku sukan haɗu su ruɗi uwa. Nauyin yaro ya rage gudu. Mamanta ya yi laushi, ba ya cika ya yi tauri kamar lokacin jego. Yaron kuma ya fara wayo, yana sha yana waige-waige. Duk ukun alamu ne na lafiya, amma sai kaka ko maƙwabciya ta ce nono ya tafi. A kawo kwalba, ko koko, ko madarar akuya. Yaro ya cika ciki da wannan, ya rage tsotso. Nono kuwa kamar rijiya yake: in ana ja yana tsattsafowa, in an bar shi sai ya ja baya. Bayan mako kaɗan sai nonon ya ragu da gaske, kakar ta ce: ai na faɗa. Ba ta san maganarta ce ta jawo haka ba.

Yanzu mu koma kan sharaɗin da muka ce ku riƙe. Yaran Amurka da na Turai da suka yi ƙiba da gwangwani, an ba su shi a cike, da ruwan famfo mai tsabta, a cikin kwalbar da ake dafawa. Jinjiri ɗaya yana buƙatar kimanin kilo 20 na garin madarar jarirai a wata 6 na farko, wato gwangwani 40 na rabin kilo. Kowane magidanci ya je kanti ko gidan sayar da magani ya tambayi kuɗin gwangwani ɗaya, ya ninka sau 40, ya gwada da abin da yake cikin rumbunsa. Mun san abin da yake biyo baya. Gwangwani na farko ana dama shi daidai. Na uku, ana rage cokali ana ƙara ruwa don ya daɗe. Daga baya a koma madarar shayi, ta gari ko mai kauri mai sukari, wadda ba a yi ta don jarirai ba sam. Yaro yana shan farin ruwa, ciki ya cika, jiki yana ramewa.

Ga kuma ruwan rijiya ko na tabki, ga ƙuda, ga zafin bazara da yake lalata madara cikin ɗan lokaci. Bakin roba na kwalba yana da wuyar wankewa, ƙwayoyin cuta suna ɓuya a ciki. Sakamakon shi ne zawo. Wani bincike da aka yi a kudancin Barazil, aka bayyana a 1987, ya nuna jariran da ba sa shan nono ko kaɗan sun fi masu shan nono zalla haɗarin mutuwa da zawo har sau 14. Saboda haka a ƙauyukanmu da unguwannin talakawa, mai sayen gwangwani don neman kumatu sau da yawa tamowa yake sayowa. Ba banza ba ne tun a 1981 babban taron lafiya na duniya ya amince da ƙa'idar da ta hana tallar wannan madara ga jama'a, ta hana raba ta kyauta ga iyaye mata, ta hana sa hoton jariri a jikin gwangwani.

Sai dai mu faɗa wa kanmu gaskiya. A Nijar kusan kowace uwa tana shayarwa, kuma tana daɗewa tana yi. Babban abokin gabar nono a wurinmu ruwa ne, da jiƙo, da bauri, da ake ɗura wa jinjiri tun a makon farko. Binciken ƙasa na 2012 ya nuna jarirai 23 kawai cikin 100 ƴan ƙasa da wata 6 suke shan nono zalla. Ana cewa zafi ya yi yawa, yaro zai ji ƙishirwa. Amma kusan kashi 9 cikin 10 na nonon uwa ruwa ne, tatacce. Kowane cokalin ruwa da aka ba jinjiri ya tare wurin nono a cikinsa, ba ya kuma ƙara masa ko giram ɗaya. Tun 2001 shawarar OMS ita ce nono zalla har wata 6, ba ruwa, ba komai, sai maganin da likita ya rubuta. A lokacin zafi uwa ce za ta ƙara shan ruwa, ta ƙara yawan ba da nono.

Yaushe ya kamata hankali ya tashi?

Kada wani ya ɗauki maganarmu ya ce duk ramar jinjiri ba komai ba ce. Akwai rage gudu, akwai tsayawa. Abin dubawa a karne shi ne inda layin yaron ya dosa. In yana hawa kowane wata, ko da a hankali, yaro yana kan hanya. Wanda aka haifa ƙarami zai bi layinsa a ƙasa da na ɗan maƙwabta, kuma ba laifi muddin yana hawa. In layin ya kwanta, wato wata ya wuce bai ƙara ba, ko ya sunkuya ƙasa, a tafi gidan likita ba tare da jira ba. Haka nan in ya cika mako 2 bai koma nauyin haihuwa ba, ko fitsarinsa bai kai sau 6 a yini da dare ba, ko ya yi laushi ba ya iya kama nono, ko yana zawo ko zazzaɓi.

Ko a nan ma, gwangwani ba shi ne maganin farko ba. Sau da yawa yaron bai kama mama da kyau ba ne, yana tsotson kan kawai. Ko ana cire shi da wuri a mai da shi ɗaya ɓangaren, alhali nonon ƙarshe shi ne mai maiƙo, mai ƙosarwa. Ko kuwa uwa tana gona ko wurin itace tun safe, jinjiri yana gida wurin ƴar reno. Jinjiri yana buƙatar nono sau 8 zuwa 12 a yini da dare. Ungozoma ko ma'aikaciyar lafiya tana iya gyara yawancin waɗannan a zama ɗaya.

Akwai yaran da ba makawa sai an ba su madarar gwangwani, kamar marayan da ba a samu mai shayar da shi ba, ko wanda uwarsa take kwance da ciwo mai tsanani. Ga irin waɗannan madarar tana ceton rai, kuma ba abin kunya ba ne. Sai a nemi ta jarirai ta ainihi, a tafasa ruwa, a bi awon da aka rubuta ba ragi ba ƙari, a ba shi da ƙaramin kofi mai sauƙin wankewa maimakon kwalba, a zubar da abin da ya rage. Shawarar fara ta kuwa a gidan likita ake yanke ta, ba a bakin kanti ba.

Bayan wata 6 zance ya sake. Nono shi kaɗai ba ya isa kuma, sai an haɗa da kunu mai kauri da aka inganta da gujiya ko wake, da ƙwai, da ganyen zogale, ana ci gaba da shayarwa har shekara 2. Ramar da take kama yaranmu da yawa daga nan take farawa, kuma wannan magana ce ta wata rana.

Magidanta, kuɗin gwangwani 40 in an sa kaɗan daga cikinsu a tukunyar mai jego, an ciyar da mutum biyu. A ƙara mata kwano ɗaya a kan abin da ta saba ci: fura da nono, wake, ɗan nama ko kifi in ya samu. A ɗauke mata daka da ɗibar ruwa a watannin farko, ko da damana ce, don ta samu zama da ɗanta. Kakanni, ku ne ake jin maganarku a ɗakin jego, kalma ɗaya daga bakinku tana iya tsayar da nono ko ta tsayar da kwalba.

Ku kuma ma'aikatan lafiya, kada ku tsaya ga ɗiga alama a karne ku miƙa wa uwa. Yawancin iyayen da suke zuwa awo yanzu suke koyon karatu, wasu ba su fara ba. Ku nuna mata da yatsa inda ɗanta yake a watan jiya da inda yake yau. Ku gaya mata tun a awon wata 2 cewa daga wata mai zuwa ƙarin zai ragu, daga kilo guda zuwa giram 800, zuwa 600, don kada ta ji shi a bakin maƙwabciya kafin ta ji shi a bakinku.